Fej biyu daga kwata ɗaya: kamannin kashi 96 ya isa a ce iri ɗaya ne?

Wata ɗaliba mai digiri na biyu a fannin ƙananan halittu ce ta aiko da tambayar. Ta ɗebo ruwan kwata, ta ware bairas guda biyu irin masu kama bakteriya, waɗanda ake kira bakteriyofej, ko fej a taƙaice. Dukansu biyun suna cin wata bakteriya mai suna E. coli. An karanta mata jerin DNA ɗinsu, ta saka a BLAST, manhajar da ke kwatanta jerin DNA da juna, ya nuna kamanni kashi 96 cikin 100, amma a gefe ya rubuta cewa wurin da suka haɗu bai wuce kashi 41 na tsawon ba. Tana son ta sani: iri ɗaya ne? Kuma me ya sa duk ƙwayar gadon (wato yankin DNA mai aiki ɗaya) da ta ɗauka ta zana bishiyar dangantaka da ita, sai bishiyar ta fito daban da ta baya?

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Duk wanda ya taɓa tace ruwan kwata, ya zuba a faranti, ya kwana yana fatan gobe ya ga ɗigo-ɗigon wuraren da fej ya cinye bakteriya, ya san ba ƙaramin aiki kika yi ba. Amsarki a gajarce ita ce: ba iri ɗaya ba ne, kuma bishiyoyinki ba su yi miki ƙarya ba. Kowace a cikinsu gaskiya ta faɗa, sai dai gaskiyar ƙwayar gado ɗaya ce, ba ta fej ɗin gaba ɗaya ba.

Mu fara da lambobin nan biyu, domin a nan ɗalibai da yawa suke zamewa. Kashi 96 ɗin yana magana ne a kan yankin da ya haɗu kawai. Sauran kashi 59 na tsawon BLAST bai ga abin da zai jera ba, sai ya yi shiru a kansa. Idan kika ninka 96 da 41 kika raba da 100, za ki samu kusan 39. Wannan ne ya fi kusa da ainihin kamannin da ke tsakaninsu daga farko har ƙarshe. Kwamitin duniya mai tsara sunayen bairas, ICTV, ya ajiye ma'auni: sai fej biyu sun kai kashi 95 a tsawon kundin gadonsu, wato jerin DNA ɗinsu, duka kafin a ce iri ɗaya ne, kuma sai sun kai wajen kashi 70 kafin a sa su a gida ɗaya na sama da wannan. Naki ba su kai ko na biyun ba. Kama da wane ba ta wane.

To, amma ta yaya abubuwa biyu za su zama kamar an tsaga kara a wani wuri, a wani wurin kuma ko gaisuwa babu? Nan ne maganar take da daɗi.

Kin saba da bakteriya. A can akwai ƙwayar gado ɗaya, 16S, wadda kowace bakteriya take da ita. Tun 1977 da Carl Woese ya nuna amfanin irinta, kowa ita yake ɗauka ya auna nisa ko kusanci. Fej ba su da irin wannan. Babu ƙwayar gado ko ɗaya da za ki samu a cikin dukkansu. Ba su ma yi tarayya a irin abin da aka rubuta kundin da shi ba. MS2, wanda Walter Fiers da abokan aikinsa suka karanta a Beljiyam a 1976, RNA ne mai harafi 3,569. Shi kuwa phiX174, wanda Frederick Sanger ya karanta a 1977, DNA ne mai igiya ɗaya da harafi 5,386, kuma saboda ƙarancin wuri wasu ƙwayoyin gadonsa a kan juna suke kwance. Lambda yana da 48,502. T4 yana da wajen 169,000. A 2020 rukunin Jill Banfield a Berkeley ya ba da rahoton wani mai harafi 735,000, wanda ya fi kundin wasu ƙananan bakteriya girma. Duk sunansu fej, amma sunan sana'a ne, ba sunan zuriya ba.

Ni idan ina koyar da wannan, kundin malamin zaure nake kawowa. Kin san yadda yake: warƙoƙi ne a daure cikin fata, ba ɗinki. Wannan warƙar daga wurin malaminsa na Zariya ya kwafo ta, waccan wani baƙo ne daga Borno ya bar masa, ta ukun kuma gadon mahaifinsa ce. Idan kika ɗauki kundin malamai biyu kika jera, za ki iya samun warƙa goma da suke daidai har ɗigo, sannan ashirin da ba su da alaƙa ko kaɗan. Idan aka tambaye ki silsilar kundin, ba ki da amsa ɗaya, domin kowace warƙa da tata silsilar. Haka kundin gadon fej yake. Abin da kika yi shi ne kin zaro warƙa ɗaya kin bi asalinta, kin zaro wata kin bi nata, sai kika ga sun ɓulla garuruwa daban-daban.

An ga wannan tun kafin a iya karanta DNA. A ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon na 1970, masana sukan ware igiyoyin DNA na lambda da na wani danginsa, su gauraya, su bar su su sake mannewa, sannan su duba a babban madubin lantarki. Abin da suka gani shi ne igiya ta tafi a haɗe sumul, sai ta buɗe kamar kumfa inda biyun suka saɓa, sai ta sake haɗewa. Ba a hankali kamannin yake raguwa ba, yankewa yake yi tsaf, kamar an sa almakashi. A 1980 David Botstein ya fito da bayanin cewa fej gungu-gungu ne na ƙwayoyin gado da ake musanyawa, kuma a 1999 Roger Hendrix da Graham Hatfull da abokansu suka nuna cewa duk fej masu wutsiya, wato masu kai da DNA ke ciki da wutsiyar da suke kama bakteriya da ita, daga rumbu ɗaya suke ɗiba, sai dai wani ya fi wani kusa da bakin rumbun.

Ga misali biyu da suka yi kama da naki. P22, mai kama Salmonella, wutsiyarsa guntuwa ce, ta lambda kuwa doguwa. A madubi ba za ki haɗa su ba. Amma ɓangaren da ke tsara yadda za su kwanta a cikin bakteriya da yadda za su farka, tsari ɗaya ne, har ana iya samun ɗan gauraye tsakaninsu. N15 kuma akasin haka ne: kai da wutsiya irin na lambda, amma ɗaya rabin wani abu ne daban, domin shi ba ya shiga cikin kundin bakteriya ya lafe, a gefe yake zama da kansa. Wanda ya zana bishiya da furotin na kai zai ce N15 ƙanin lambda ne. Wanda ya zana da furotin mai kwafar DNA zai ce bai san shi ba.

Yadda musanyar take faruwa ba wani abin ɓoye ba ne. Fej biyu su shiga bakteriya ɗaya a lokaci ɗaya, ko sabon shiga ya tarar da wani tsoho a kwance cikin kundin mai gida. Ana cikin kwafa sai igiyoyi su sarƙe, a yanke a nan a ɗaura a can. Mafi yawan abin da ke fitowa shara ne, ba ya rayuwa, domin an yanke ƙwayar gado a tsakiya ko kundin ya yi wa kai yawa. Amma an ƙiyasta yawan fej a duniya da 1 mai sifili 31 a bayansa. A irin wannan yawan, ko abin da ba ya dacewa sai sau ɗaya a biliyan, kullum yana faruwa. Shi ya sa idan kika duba iyakokin faci, wato yankunan da aka musanya, a taswirarki, za ki ga galibi a gaɓar da ke tsakanin ƙwayoyin gado biyu suke. Ba wai almakashin ya san gaɓa ba ne. Waɗanda aka yanka a gaɓa ne suka rayu har suka iso farantinki.

Wurin da aka fi zurfafa wannan kwatance shi ne Jami'ar Pittsburgh a Amurka. Hatfull ya karanta kundin L5 a 1993, fej na farko da aka karanta cikin masu kama dangin ƙwayar tarin fuka. Daga 2008 aka buɗe shirin SEA-PHAGES, inda ɗaliban shekarar farko a jami'o'i da dama suke tono ƙasa, su ware fej a kan Mycobacterium smegmatis, su raɗa masa suna, su karanta kundinsa. A 2015 suka jera kundi 627 na fej masu cin wannan bakteriya guda ɗaya. Sun kasu rukuni-rukuni, wasu kuma sun tsaya su kaɗai ba dangi. Amma da aka duba da kyau, katangar da ke tsakanin rukunonin ba ta kai sama ba, ƙwayoyin gado suna tsallakawa. A 2017 Travis Mavrich da Hatfull suka ƙara nuna cewa ba duk fej ne suke musanya da sauri ɗaya ba: akwai masu yawan karɓa da bayarwa, galibinsu cikin masu iya kwanciya a jikin bakteriya, akwai kuma masu riƙe kundinsu kusan yadda suka gada, kamar dangin T4 da na T7. Wannan yana da amfani gare ki kai tsaye. Idan naki biyun masu kwanciya ne, kashi 41 ɗin nan ba abin mamaki ba ne ko kaɗan.

Yanzu ga abin da zan so ki yi, kuma kada ki tsallake na farkon don ya yi kama da ƙaramin abu. Ki tabbatar kowane kundi cikakke ne, guda ɗaya, ba guntaye ba. Ki duba ko akwai ɓurɓushin DNA na E. coli a ciki, da na phiX174, domin ana zuba shi a injin Illumina mai karanta DNA a matsayin ma'auni kuma yakan maƙale a sakamako. Sannan ki juya su su fuskanci gefe ɗaya, su kuma fara daga wuri ɗaya. Fej irin T4 ba su da takamaiman farko. Kowane kai ana cusa masa DNA ne har ya cika, a yanke, na gaba ya ɗora daga inda aka tsaya, don haka kwamfuta takan yanke zoben duk inda ta ga dama. Wani ɗalibina ya taɓa kawo mini zane yana murna ya gano fej da ya juya rabin kundinsa. Muka zauna muka mayar da farkon duka biyun kan ƙwayar gadon taminas, wato injin da ke cusa DNA a kai, sai layin ya miƙe ɗoɗar. Na ji masa zafin makonnin da ya kashe a kai, shi ya sa nake fara gaya wa kowa wannan.

Bayan haka ki yi zanen ɗigo, kundi ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Inda suka yi daidai za ki ga layi a karkace, inda suka rabu za ki ga fili. Gani ya kori ji: minti biyar a gaban wannan zanen ya fi shafi goma na lambobin BLAST. Don samun lamba ɗaya da za ki rubuta a kundin digirinki, ki yi amfani da manhajar VIRIDIC, wadda aka fitar a 2020, domin ita tana lissafawa da tsawon duka, kuma da irin lissafinta ake aiki wajen ma'aunin 95 da 70 ɗin nan.

Daga nan sai ki bar haruffan DNA ki koma furotin. DNA yana saurin goge sawu. Furotin yana riƙe kamanni bayan haruffan sun daɗe da sauyawa. Ki tara furotin na fej ɗinki da na makusantansu, ki kasa su dangi-dangi, ki ƙirga nawa suka yi tarayya a kai. Wannan tunanin ne Forest Rohwer da Rob Edwards suka kawo a 2002, kuma a kansa manhajoji irin vConTACT2 suke tafiya, sai dai manhajojin ba bishiya suke zanawa ba, raga suke saƙawa, kowane fej da zaren da ya haɗa shi da wasu. A ganina raga ta fi bishiya faɗin gaskiya a kan fej. Manhajar Clinker kuma za ta jera miki taswirorin biyu, ta ja launi tsakanin ƙwayoyin gadon da suka dace, ki ga facin da idonki.

Za ki tarar da ƙwayoyin gado masu yawa, sau da yawa fiye da rabi, an rubuta musu cewa ba a san aikinsu ba. Kada hakan ya karya miki gwiwa, kuma don Allah kada ki laƙaba musu suna don wani ya laƙaba wa mai kama da su a GenBank, rumbun da masana ke ajiye jerin DNA; kuskure ɗaya a can yakan haifi ɗari. Ki duba maƙwabta. A fej masu wutsiya jerin yakan tafi kusan iri ɗaya: taminas, ƙofar kai, furotin na kai, sannan na wutsiya, da wata doguwar ƙwayar gado wadda tsawonta ne yake yanke tsawon wutsiyar. Abin da ya zauna a gurbin da aka san na wane ne, ko da fuskarsa ta sauya, akwai dalilin zarginsa. Manhajar HHpred tana taimakawa a nan, domin siffar naɗin furotin ta fi komai daɗewa. Naɗin furotin na kan HK97, wani fej da aka samo a Hong Kong, shi ne a kan dukkan fej masu wutsiya, har ma da bairas na hapis da ke kama mutane, alhali a haruffa ba za ki ga alaƙa ba.

Abin da ya fi damuna a tambayarki shi ne kin zuba ido a kan kashi 41 da suka haɗu. Ni kashi 59 ɗin nan nake so ki buɗe. Kuma ko da sun kai kashi 98, zan ce ki buɗe kashi biyun da suka rage. T2 da T4 da T6 'yan ɗaki ɗaya ne, kundinsu ya yi kama ƙwarai, amma kowanne da ƙofar da yake kamawa a jikin E. coli: T4 yana kama OmpC, T2 yana kama OmpF, T6 yana kama Tsx. Bambancin yana can a ƙarshen zaren wutsiya, ɗan wuri kaɗan. Wannan ɗan wurin shi yake yanke wace bakteriya fej zai ci, wace zai wuce.

Sai kuma ki nemi intagires da rifiresa, wato ƙwayar gadon da ke ɗinke fej a cikin kundin bakteriya da wadda ke sa shi barci. Ki koma farantinki ki ɗaga shi wajen haske. Ɗigon da fej mai kisa zalla ya bari yakan fito tas, kamar an huda da ƙusa. Na mai kwanciya yakan yi dishi-dishi a tsakiya, domin wasu bakteriyan sun karɓe shi sun rayu, sun ci gaba da girma a cikin ramin. Idan abin da kika gani a faranti ya dace da abin da kika gani a kundi, kin tsaya a kan ƙafa biyu.

Wannan ba maganar ɗakin gwaji kaɗai ba ce a wurinmu. Ƙwayar kwalara ba ta da dafin da ke sa amai da gudawa sai wani fej mai suna CTX ya kwanta a cikinta. Matthew Waldor da John Mekalanos ne suka nuna haka a 1996. Mashaƙo, wanda ya yi mana ɓarna a Kano da wasu jihohin Arewa tun daga ƙarshen 2022, ya kuma taɓa yankin Damagaram a 2023, shi ma dafinsa a kundin fej yake. Tun 1951 Victor Freeman ya ga ƙwayar da ba ta da dafi ta zama mai dafi bayan fej ya shige ta. Dafin da ake kira Shiga na mugun nau'in E. coli, wato O157:H7, haka. To ke da kike aiki da E. coli daga kwata, wajibi ne ki bincika ko ɗaya daga cikin naki yana ɗauke da irin wannan kaya, ko ƙwayar gadon jure magani, kafin ko da wasa a yi maganar amfani da shi a kan kaji ko ruwan sha, balle mutum.

Kuma maganar magani da fej ta dawo da ƙarfi. Tun bayan da Frederick Twort a 1915 da Félix d'Hérelle a 1917 suka gano su, cibiyar Eliava da ke Tbilisi a Jojiya ba ta daina ba tun kafa ta a 1923, galibin sauran duniya ce ta juya baya da aka samu fenisilin. Yanzu da magunguna suke gazawa, an waiwayo. Binciken da aka buga a mujallar Lancet a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 kai tsaye saboda bakteriya masu jure magani, kuma yankinmu na Afirka ta Yamma ne ya fi kowane yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. A 2019 aka ba da rahoton wata yarinya 'yar shekara 15 a Landan, wadda bakteriyar Mycobacterium abscessus ta kama bayan dashen huhu, magani ya ƙi ci. Aka bincika tarin fej na Pittsburgh aka zaɓo uku: Muddy, ZoeJ da BPs. Muddy wata ɗaliba ce ta samo shi a jikin ruɓaɓɓen yalo a Durban ta Afirka ta Kudu. Sauran biyun masu kwanciya ne, kuma sanin kundinsu ne ya sa aka gane inda rifiresa yake, aka cire shi, suka koma masu kisa. Yarinyar ta samu sauƙi sosai. Ba don an yi shekaru ana jera kundi kusa da kundi ba, da ba wanda zai san wace warƙa zai zare.

Wani abu kuma game da rubutun kundin digirinki: kada ki rubuta tsofaffin sunayen nan da aka kasa fej da su bisa siffar wutsiya, wato Myoviridae, Siphoviridae ko Podoviridae, a matsayin dangi. ICTV ta soke su a 2022, tare da Caudovirales, sunan da ya haɗa su ukun, saboda dalilin da muka gani a P22 da lambda: siffar wutsiya ba ta nuna zuriya. Yanzu duk fej masu wutsiya suna ƙarƙashin Caudoviricetes. Kina iya cewa fej ɗinki yana da doguwar wutsiya mai lanƙwasa ko guntuwa, a matsayin siffa, amma littattafan da ke ɗakin karatu da yawa sun riga wannan sauyin, kuma mai jarrabawa daga waje zai iya tsayawa a kai.

Game da bishiyoyinki kuwa, kada ki zaɓi wadda ta fi kyau ki ɓoye sauran. Ki sa ta taminas, ki sa ta furotin na kai, ki sa ta zaren wutsiya, gefe da gefe, ki nuna inda suka saɓa, ki ɗora taswirar Clinker a ƙarƙashinsu. Saɓanin nan shi ne sakamakonki. Sannan ki samo nau'o'in E. coli daban-daban, ko goma ko ashirin, daga asibiti da gonar kaji idan kin samu izini, ki ɗiga kowane fej a kan kowanne, ki ga ko bambancin zaren wutsiyar ya bayyana a faranti. Idan kin zo ajiye kundin a GenBank, ki rubuta garin da kika ɗebo ruwan, da watan, da irin wurin, da nau'in bakteriyar da kika ware su a kai. Fej da aka karanta daga ƙasashenmu kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da na Amurka da Turai, kuma wanda zai zo bayanki daga Maraɗi ko Sakkwato da nasa ruwan kwatar, naki ne zai fara nema ya jera kusa da nasa. Idan kin gama zanen ɗigon, ki turo mini in gani. Allah ya ba da sa'a.